Lambar da Na Mayar Sifili

Challawa, Kano
4 ga Maris

Zuwa ga malamina, Malam Lawal,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kuna lafiya, ku da Hajiya Atika, kuma ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Bayan haka, Malam, karatunku ya yi mini rana. A kamfanin fatar da nake aiki, kwamfuta ɗaya ce ke juya komai, famfuna da fankoki da gangunan jima, har ta fara gazawa. Na zuba alaƙar injinan a jadawali, na ninka wasu layuka, na raba wasu, yadda kuka koya mana. Sai manyan lambobin suka taru gida huɗu. Ƙananan da ke tsakani na mayar da su sifili. Yanzu kowane sashe da na'urarsa. Manaja har hannu ya ba ni.

Ɗalibinku,
Musbahu

19 ga Mayu

Malam,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Ku gafarci shiruna.

Irmiya ya rasu. Shi ke wanke ramin ruwan jima, mutumin Kagoro, shekararsa sha ɗaya a nan. Ranar wata Talata da hantsi ya sauka ramin, famfon sinadari ya tashi, fankar da ke zuƙe iskar guba ba ta tashi ba. A da tare suke tashi. Ni na raba su. Lambar da ke haɗa su ta ƙanƙance ne bayan na daidaita jadawalin, sai na mayar da ita sifili, ban kuwa koma na tambayi me take riƙe da shi ba.

Kamfani ya ce fanka ce ta lalace. Na gwada ta da hannuna, lafiyarta lau. Na ɓoye wannan, na bar su a kan maganarsu.

Tun ranar, in na gifta ramin sai in ji takun takalmin robar Irmiya a kan tsani, rana tsaka, injina na ruri. In leƙa, ba kowa. Matarsa Jummai ke sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani. Jiya ta gode mini da na je jana'iza, ta ƙara mini nama. Na bar abincin a kwano.

Jibi masu bincike za su zo. Na buga jadawalin biyu, tsoho da sabo, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar, zan miƙa musu. Wataƙila aikin ya tafi. Ba shawara nake nema ba, Malam, addu'a nake roƙo. Gobe zan fara zuwa wurin Jummai, don bai kamata ta ji a bakin wani ba.

Ku gaida Hajiya.

Naku,
Musbahu