Ba Zan Mayar da Makullin Ɗakin Karatu Ba

Jikata Rifkatu ta nemo littafi da kanta! Jiya da ta taso daga makaranta ta jawo durowar kati, ta bi da yatsa, ta karanta lamba, ta nufi kanta ta uku ta zaro tarihin ƙauyen kakanninta. Ban taimaka mata da komai ba. Ina bakin ƙofa ina dariya har da hawaye. Shekarunta tara. Ni ina shekara tara awaki nake bi.

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, gafarta mini da na fara da labari kafin gaisuwa, murna ce ta sha kaina. Ina gaishe ka da iyali da dukan dattawan kwamiti. Na rubuta wannan a fili ne domin a fili ka yi mini magana.

Ga waɗanda ba su sani ba: marigayi Malam Istifanus, tsohon hedimasta, ya bar wa unguwar nan littattafansa. Shekara huɗu suna cikin kwali a ɗakin da ke jikin zauren taro, har gara ta cinye kwali biyu. Ni nake riƙe da makullin saboda ni nake share wurin. A taron bayan Ista ka ce za a kwashe littattafan, a mai da ɗakin ma'ajiyar kujerun roba da rumfunan biki. Na miƙe na ce zan tsara su. Ka amsa cewa wannan aikin masu digiri ne, ba na wanda ya koyi baƙaƙe a makarantar yamma yana da shekara hamsin da biyu ba. Aka yi dariya. Ka ba ni zuwa lokacin tonon citta. Yanzu kuma ka aiko in kawo makulli ranar Asabar, ba tare da ka leƙo ɗakin ko sau ɗaya ba.

Na ɗaya. Gaskiya ka faɗa, a makarantar yamma na yi karatu, bayan shekara talatin ina gyaran layin dogo. Ban taɓa jin kunyar hakan ba, kuma ba zan fara yau ba.

Na biyu. Ka gaya wa mutane wai a waya na tsinci ilimina, kuma duk abin da ke waya shirme ne. Da yawa shirme ne, na fi ka sani, domin ni na zauna na tace shi. Mutumin farko da na kalla a bidiyo cewa ya yi a jera littattafai bisa launin bango. Kanta ta yi kyau kamar shagon atamfa, amma littafin waƙoƙin sujada ya zauna kusa da na kiwon alade don dukansu ja ne. Wani shafin ya yi alkawarin satifiket cikin kwana uku, ga hoton hular digiri, amma babu sunan malami ko ɗaya. Na rufe shi.

Daga nan na koma wa abin da na iya. Manomin citta ba ya zuba sabon iri a gona gaba ɗaya. Zai tambayi wa ya noma shi, na wace shekara ne, sannan ya gwada a kunya ɗaya. Haka na yi da kowane darasi: wa ya rubuta, a ina yake aiki, yaushe aka rubuta. In ya wuce wannan, sai in gwada a kan littattafai ashirin da na ware, in kira uwargidana Saratu in ce ta nemo mini ɗaya. In ta fara tsaki, darasin ya faɗi.

Na uku, kuskurena, don kada wani ya riga ni faɗa. Na sami wani shafi na ƙasar waje mai kyau ƙwarai. Shi ya koya mini raba ilimi gida goma da ba kowane littafi lamba, kuma har yau da shi nake aiki. Amma ya ce a rubuta katin marubuci da sunansa na ƙarshe. Na bi ido rufe, na yi kati ɗari uku. Da na buɗe durowa sai na ga Kagoro, Kagoro, Kagoro, sannan Zonkwa a jere kamar tashar mota. Mutanenmu da sunan gari suke rufe sunansu! Ga kuma marigayi Rabaran Markus, wanda ya yi mini baftisma: a littafi ɗaya ya sa Gwantu, a wani ya sa sunan mahaifinsa, a na yarenmu ya sa sunansa na gida. Na mai da bawan Allah mutum uku, kowanne a durowarsa.

Mako biyu ina nema kafin na sami darasin wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a wata jami'a ta ƙasar nan. Ta faɗi sunanta, ta faɗi inda take aiki, kuma misalanta sunayenmu ne. Ta ce a zaɓi suna ɗaya a tsaya a kai, sauran a yi musu katin da zai ce “duba wane”. Na rubuta mata tambaya a ƙasan bidiyon da Turancina na makarantar yamma. Ta amsa, har ta kira ni Baba. Na yage katunan nan na sake su da hannuna. Wanda ya rubuta shafin waje bai yi ƙarya ba, bai dai taɓa zuwa Kagoro ba.

Yau littattafai dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu suna kan kanta, kowanne da lambarsa da katinsa. Ɗaliban kwalejin Gidan Waya sun fara zuwa a kan babur. Jikokina bakwai da 'ya'yan maƙwabta suna da wurin zama da ba bakin titi ba.

Don haka ga roƙona. Kwamiti ya janye maganar ma'ajiya, a rubuce. A nema wa kujeru wuri a bayan zaure, inda akwai fili. In kuna shakkar aikina, ku kawo mai digirin da kuka yarda da shi ya duba. In ya sami gyara zan gode masa, in ɗauki biro. Makulli kuwa ba zan aiko da shi ba. Malam Istifanus unguwa ya bar wa littattafan nan, ba kwamiti ba, kuma a gaban unguwa kaɗai zan ajiye shi, in ta ce in ajiye.

Ubangiji ya ba ka lafiya da hikimar shugabanci, ya albarkaci gidanka, ya sa jikokinka su fi mu karatu.

Ranar Asabar da ƙarfe goma ƙofa za ta kasance a buɗe. Ka zo, ranka ya daɗe. Dattawa ku zo, zumuntar matan coci ku zo, maƙwabtanmu na masallaci ku zo, waɗanda suka yi dariya su ma akwai benci. Kowa ya ambaci littafin da ya ga dama. Ni zan zauna a waje in naɗe hannu, ku shiga ku nemo da kanku.

Wassalam, na tsaya nan.

Naku,
Baba Bulus, mai share ɗakin karatu