A Wanke Sunan Malam Bukar na Adjamé

Zuwa ga shugaba da alƙalan gasar littattafai ta ƙasar Italiya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni Alhaji Sambo ne, Bafulatani, mai sarin takalma a Treichville, Abidjan. An ce kyautarku ta daɗe, kuma duk wanda kuka ba, maganarsa ta zauna. Shi ya sa na kawo kukana, ko da yake da hannuna a ɓarnar.

Na ɗaya. Wanda ya ci kyautar bana baƙona ne. Shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai ya zo daga ƙasarku ganin gari, na sauke shi, na kai shi makarantar allon aminina Malam Bukar, Babarbare, a unguwar Adjamé. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni: in kira shi bawana, ya kira ni ɓarawon shanu, mu yi dariya mu ci tuwo. A gaban baƙon na ce kakana ya sayi kakan Malam da akuya gurguwa. Na ga yana rubutawa. Wallahi na gani! Maimakon in yi masa bayani, sai daɗin baki ya ɗebe ni, na ƙara da cewa Malam sata ya yi ya gudo daga Borno.

Na biyu. Duk wannan ya shiga littafin a matsayin gaskiya, da sunan Malam da unguwarsa. Marubucin bai tambayi kowa ba, ku ma ba ku tambaye shi ba. Da kuka ba shi kyauta aka juya littafin zuwa Faransanci, ya iso nan.

Na uku. Hausawa sun san wasa ne. Amma yawancin ɗaliban Malam 'ya'yan ƙabilar Julawa ne, waɗanda ba su san wannan wasa ba, kuma wani akawu da ya karanta wa iyayensu wurin cewa ya yi littafin da ya ci kyautar Turai ba ya ƙarya. Sun fara kwashe 'ya'yansu. Na bi gida-gida ina rantsuwa, suka ce ai ubangida dole ya rufa wa bawansa asiri. Malam bai yi mini faɗa ba. Gaishe ni yake yi yanzu da ladabi, kamar baƙo, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ban ce ku karɓe kyautarku ba. Roƙona ku sa marubucin ya gyara wurin, ku kuma aiko da shaida cikin Faransanci, da hatiminku, cewa Malam Bukar ɗa ne ba bawa ba, kuma bai taɓa sata ba, a karanta a masallaci ranar Juma'a. Ku hanzarta, don sauran iyayen sun ce bayan Sallah za su yanke shawara. In laifi kuke so ku ɗora wa wani, ku rubuta sunana, ni na faɗa.

Allah ya ƙara muku girma, ya tsare ku da cutar da amininku da bakinku.

Wassalam.
Alhaji Sambo, Treichville