Na Ɓoye Kafiretar Motar Malam

Wai me ya sa Malam ya tambayi kowa a gidan nan ban da ni?

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ina faɗa ina kuka. A sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku zage ni.

Mijina tsohon direba ne. Yana da wata Fijo da ta girmi 'ya'yanmu duka, ta mutu a ƙofar gida, har kaji suna ƙwai a cikinta. Da ya tsufa sai ya sauke injin, ya baje shi a zaure kan tabarma, kowane ƙarfe ya wanke shi da fetur ya jera. Alhali yanar ido ta rufe masa gani, lalube yake yi. Na ce, "Malam, kai da ba ka gane akuya sai ta yi kuka, ina za ka da mota?" Ya ce, "Tsohuwa, hanyar Kano a kaina take. Ranar da ta tashi, ke ce a gidan gaba."

Na san zai aikata. Ranar da na ji yana cewa saura kafireta kawai ya ɗaura, sai na jira ya tafi masallaci, na naɗe ta a zane, na tura cikin kwallar da ke can ƙasa a jeren kwanukana. Wane namiji ne zai buɗe kwanukan mace?

Ashe a ranar ƙaninsa ya zo gaisuwa, shi da kullum yake cewa a sayar wa 'yan gwangwan da tarkacen. Da aka nemi kafireta aka rasa, babban ɗana ya tare shi a bainar jama'a ya kira shi ɓarawo. Dattijo da furfurarsa ya rantse har ya yi hawaye. Ina tsaye a bayan katanga ina ji. Malam bai ƙara taɓa sifana ba, shekara uku yana zaune gefen injin yana kore masa kaji. Da ya rasu, 'ya'yana suka hana ƙanin nasa shiga wajen wanka. Uwa ɗaya uba ɗaya fa!

Yanzu ƙanin nasa ma yana kwance, an ce jikin ya yi tsanani, kuma har yau sunan ɓarawo yake ɗauke da shi. In na faɗa, da wane ido 'ya'yana za su dube ni? In na yi shiru ya tafi a haka, me zan ce wa Allah? Me zan yi?

Abin da ke cina shi ne maganar Malam ta ƙarshe. Ina ba shi koko ya riƙe hannuna, ya ce, "Tsohuwa, ɗakinki ya daɗe yana warin fetur. Idona ne ya mutu, ba hancina ba."