Akushin Wanke Kuza na Nek Salbiah

Busan, Koriya

Abang Hamdan, yayana,

Assalamu alaikum. Ya jikin Mak, mahaifiyarmu? Ya yara da mutanen garinmu Parit Lama? Ni lafiya lau, sai dai ruwan sanyin da muke wanke kifi da shi a ma'aikata ya ɗan tsattsaga mini yatsu. Kada ka faɗa wa Mak.

Na ji wani mai otal yana son akushin kakarmu Nek Salbiah, wai zai rataye a bango. Abang, kada ka kuskura!

Jiya ina rege shinkafa a kicin ɗin ma'aikata, shugabarmu ta ce, "Ke Rosmaini, zinariya kike nema? Yi sauri!" Na ce, "Kuza dai, ranki ya daɗe." Da wannan juyin hannun Nek ta shekara talatin tana wanke kuza cikin ruwa har ƙugu. Da kamfanin haƙar kuza ya kwashe injinansa ya tafi, matan garinmu suka ci gaba da wanke kuza, har aka yi wa masallaci da makaranta rufin kwano da kuɗinta.

Ranar bikin gari, ka kai 'yata Wulan bakin tafkin tsohon ramin kuza, ka ɗora mata akushin a hannu. In mai otal ya dawo, ka ce masa ana aiki da shi.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarka,
Rosmaini