Awon da Auta ta rubuto mini

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kalau, shago na tafiya, sai dai ni hankalina ba a kwance yake ba, kuma kan 'yarki Auta ne.

Ranar Talata ta shigo shago da yadi na ɗinka mata riga. Na ɗauko tef zan auna ta, sai ta riƙe hannuna, ta miƙo mini takarda da awo a rubuce: ƙugu ya ragu da inci shida, ƙirji ya ƙaru. Na tambaye ta na wace ce, ta ce nata ne, na bayan aikin da za a yi mata ƙarshen wata. Wai za a zuƙe kitse a wani wuri a mayar wani wuri, har ta sa hannu. Shekara talatin ina auna mata, ban taɓa ganin wadda ta kawo awon jikin da ba ta da shi ba. Yarinyar da ke haɗa wa mutane magani a asibiti, ta fi ni sanin ba kowa ke farkawa daga allurar barci ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce kowa a waya haka yake, kuma jikinta ne, 'yancinta ne.

Sai na tuna tsohon littafin nan na masu tunani kan mata da Inna ke karantawa muna mata dariya, muna cewa ta zama 'yar boko. Kin tuna inda ta ja layi da fensir, cewa ana renon mace ta riƙa kallon kanta da idon wasu har ta ɗauka nata ne? A da na zaci zancen zamanin da ne. Yanzu ga shi a kan teburin yankana.

Littafin yana wurinki. Don Allah ki aiko da shi cikin makon nan, ki kuma kira ta, don ke take jin maganarki. Tsoro nake ji, Yaya.

Ki gaida maigidan da Babban Yaya da su 'yan biyu. Yadin na ninke shi na ajiye, ban sa masa almakashi ba.

Ƙanwarki,
Maman Auta