Ɗorawar Inna Tasalla

Litinin, 7 ga Maris, 1955

Wata biyu ke nan rabona da Bebeji, tun da na zo wakilci a majalisa. Kaduna ba ta karɓe ni ba, ni ma ban roƙe ta ba.

Yau a kwamitin majalisa Baturen daji ya shimfiɗa taswirar gandun dajin da za a faɗaɗa wajen Doguwa. Jan layinsa ya haɗiye Kwarin Ɗorawa ɗungurungum. Nan nake sauke jakuna zamanin da nake kai gishiri da goro Riruwai. Inna Tasalla, uwar ɗakina, tana can har yanzu, da ɗanta Buba da shanunsa.

Ban bari fuskata ta nuna komai ba. Wanda ya nuna yana son kaya shi ake tsawwala wa. Da aka ce ko akwai mai magana, sai na kaɗe riga na fita a hankali, yadda nake barin rumfar dillali. Na tsaya a baranda ina jira a biyo ni a ce, Alhaji dawo mu daidaita.

Talata, 8 ga Maris

Ba wanda ya biyo ni. An rubuta babu mai ja. Tafintan Baturen ya ce shi ya ɗauka kama ruwa na tafi.

Alhamis, 10 ga Maris

Na je ofishin Baturen. In faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Ya ce ya tambaya, har ya dube ni, ni kaɗai ne na san yankin. Takarda kuma ta riga ta wuce sama. A kasuwa ko ciniki ya faɗa, ana iya kai dattijo a warware. Nan babu dattijon da za a kai.

Shekara talatin ina taƙama ba a taɓa cin ribar fuskata ba. To, ga ribar.

Lahadi, 13 ga Maris

Buba ya zo a bayan lori, da ƙunshin daddawa daga Inna. Labari ya kai musu. Wai mutane na cewa ni na sayar da su, har ya kusa kai wa wani sanda a kasuwar Tudun Wada saboda ni. Inna kuwa cewa ta yi su kwantar da hankali, tunda ni Zailani ina wurin, ba za a yi a gabana ba.

Na ce masa ana kan magana. Ya ce, "Ai na sani, Yaya."

Ɗakin duk ƙamshin daddawa. Na kasa cin tuwo.

Laraba, 16 ga Maris

Innar nan ta yi jinyata kwana arba'in shekarar da ƙurkunu ya kwantar da ni, ba ta karɓi ko ƙwayar goro ba. Kabarin maigidanta yana gindin ɗorawar gabas.

Juma'a, 18 ga Maris

Buba yana nan, yana kwana a ƙofar ɗakina. Kullum da safe sai ya goge mini takalmi. Da zai zage ni da ya fi.

Talata, 22 ga Maris

Na miƙe a zauren majalisa. Ban yi dabara ba, ban zagaya ba. Na ce ina son Kwarin Ɗorawa, ina roƙo a bar shi, kuma laifina ne da na yi shiru ranar da ya kamata. Wani wakili a bayana ya ce yau ga falke ya buɗe jakarsa a tsakar kasuwa, aka yi dariya. Da gaskiyarsa.

Layi ba zai koma ba. Amma Baturen ya ce in ba shi jerin abin da mutanen kwarin ba za su rayu babu shi ba, a gani.

Asabar, 26 ga Maris

Na raka Buba tasha. Lori na ɗumama na faɗa masa komai, har tsayuwar baranda. Ya daɗe yana kallon sandarsa. Bai ce Yaya ba.

"Alhaji, ni zan gaya wa Inna, ko kai?"

Na ce ya bari. In an tashi majalisa ta Doguwa zan bi kafin gida. Ba don komai ba, hanyar ta fi dama-dama kafin ruwa ya sauka.

Mutanen kwarin za su tashi bayan kaka. Abin da na iya cetowa: rijiya ɗaya, a shayar da shanu da rani. Maƙabarta, da hanyar zuwa gare ta. Ɗorawa goma sha ɗaya da mata za su riƙa shiga roro, har da ta gabas. Gida ko ɗaya babu.