Hanyar da Babu Manyan Motoci

Greensboro,
14 ga Oktoba, 1984.

Daso, farin watana, sanyin idona, ke da jin sunanki kaɗai ke sa in ajiye cokali ina tsakar cin abinci. Ina yi miki sallama irin ta mai laifi, wanda ke tsayawa a ƙofar gida ya kasa ɗaga kai. Da fatan kina lafiya, da Yaya Husaini da matarsa Anti Bebi. Ni dai jiki da sauƙi, in ban da gwiwoyina biyu da na kuje, kuma zan faɗa miki dalili kafin takardar nan ta ƙare.

Yau mako biyar ban ji muryarki ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Yaya Husaini ya ja ni gefe ya ba ni saƙonki: a Disamba za ki koma birnin Tours na Faransa ki ƙarasa karatunki, maganar aurenmu kuma a jingine ta, tunda na gaji na kasa faɗa. Wallahi, Daso, ban gaji ba. Yaya za a yi in gaji da ke? Abin da ya same ni ya fi gajiya muni, kunya ce, kuma ni na haƙa wa kaina ramin.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa, bara, a walimar Babbar Salla a gidan yayanki? Kin dawo daga kanti kina tura keken nan naki kore, wanda kike kira belo da bakinku na Damagaram, sarƙa ta zame ta maƙale. Na naɗe hannun babbar rigata na durƙusa, kafin shayin Anti Bebi ya huce na mayar da ita, na ɗaure birki, har ƙararrawar da ta shekara ba ta magana na sa ta yi. Kika tambaye ni inda na koya, na ce mahaifina mai gyaran keke ne a Funtuwa, a rumfarsa na girma. Wannan gaskiya ce. Sai kika yi dariya kika ce ashe kin gamu da gwanin hawa. A nan ya kamata in tsaya. Amma kina kallona da idanun nan, bakina ya riga hankalina, na ce miki nakan tashi daga Funtuwa da hantsi in yi azahar a Zariya.

Daga ranar kika buɗe mini Faransarki, ni kuma na shiga da ƙarya a aljihu. Kika ba ni labarin hanyoyin ƙauye na gefen kogin Loire, inda kuke fita da ƙawayenki ranar Lahadi da burodi da cuku a kwando, ku yi tafiyar awa guda ba ku gamu da kowa ba sai tarakta ɗaya da tsoho mai kare. Kika ce daga Tours za mu bi gaɓar ruwa mu kai Amboise, mu ga fadar sarakunan zamanin da a kan tudu tana kallon kogi. Washegari mu ratsa daji zuwa Chenonceau, gidan da aka gina a kan ruwa, kogi na wucewa ta ƙarƙashin ɗakunansa. Kika ce akwai ƙauyukan da mutane suka sassaƙa gidajensu a jikin dutse, hayaƙi na fita daga ƙasa kamar ana girki a rami, da coci-coci na shekara ɗari takwas da matakalarsu ta lotsa saboda ƙafafun mutane. Kika zana mini duka a takarda da jan biro, har da bishiyar da za mu shimfiɗa darduma mu yi la'asar a ƙarƙashinta. Kika ce ba kya son kujeru, ba kya son gwal, wannan tafiyar ce kaɗai kike so bayan an ɗaura. Na ce an gama. Har na ƙara da cewa Allah ya sa ki iya bin bayana.

Sai ranar Asabar ɗin nan ta zo. Kika aro mini keken maƙwabcinku, kika ce mu gwada ƙafa a hanyar McLeansville, tunda gonaki ne, ba cunkoso, Yaya Husaini zai raka mu. Daga baya na ce muku motata ta mutu a High Point Road. Motata ba ta mutu ba, kuma na san kin sani, don Anti Bebi ta ce kin hango motar. Na zo, Daso. Na faka a bayan wani gidan mai, ina kallonku ta gilashi. Na gan ki da ɗankwali ruwan ƙwai, kin jingina kekuna biyu a jikin shinge, kina duba agogo, kina leƙa hanya. Na ga kin zuba shayi a kofi uku, daga baya kin mayar da ɗaya cikin fulas. Minti arba'in ina riƙe da sitiyari, gumi na bin bayana, sannan na juya kamar ɓarawo. Tun da nake ban taɓa raina kaina irin na ranar ba.

Ga gaskiyar: ban iya keke ba. Shekarata talatin da ɗaya, ina iya kwance keke gaba ɗaya in haɗa shi ido rufe, na yi faci ya fi dubu, amma ban taɓa ɗora ƙafa biyu a feda ba. Ina da shekara bakwai, wana Sale ya hau keken wani da Baba ya gama gyarawa, ya ce bari ya gwada birki a titi ya dawo. Motar auduga ta same shi a kwanar kasuwa. Ranar sadakar uku Inna ta kama hannuna a gaban Baba ta ce in dai na hau keke ba ta yafe mini ba. Kin san nauyin wannan kalma daga bakin uwa. Na girma ina gyara wa 'yan ajinmu kekuna suna tsokanata, ina ce musu ƙafata ce ke ciwo. Na hau jirgi, na tuƙa mota a ƙasar Amurka, amma wancan ban taɓa ba. Me ya hana ni faɗa miki tun farko? Girman kai ne kawai. Na ji tsoron ki ga ƙato da gemu ya kasa abin da 'yar shekara shida ke yi.

A yammacin Asabar ɗin na rubuta wa Inna. Na faɗa mata sunanki, da ƙaryar da na yi, da taswirarki, na roƙe ta ta sauke mini maganarta in za ta iya. Amsa ta iso Litinin da ta wuce, da rubutun Malam Ɗantala maƙwabcinmu, tunda ita ba ta rubutu. Ta ce tsoro ne ya sa ta faɗa, kuma ba ta san ina ɗauke da abin har yau ba. Ta ce ta sauke, ta yafe, da sharaɗi ɗaya: kada in hau sai a hanyar da babu manyan motoci. Ta yi mini faɗa a kan ƙarya na layi huɗu, sannan ta ce a gaishe da yarinyar. Na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Inna ba ta taɓa jin sunan Loire ba, amma hanyoyinki ta siffanta.

Washegari na sayi tsohon keke a hannun wani mai tashi daga unguwarmu. Kwana shida ke nan, in na fito daga lab, ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, ina zuwa filin fakin na wani coci a East Greensboro, lokacin da ba kowa. Wato haka na zata. Akwai wata tsohuwa da ke zama a barandarta tana kallona, kullum na faɗi sai ta tafa mini ta ce in sake. Na yaga wando biyu. Jiya na yi tafiya daga wannan ƙarshen zuwa wancan ban sa ƙafa a ƙasa ba, sai dai ban iya shan kwana ba tukuna, shinge ne ke tsayar da ni. Wannan shi ne gwanin Funtuwa zuwa Zariya da kika yi shekara kina yabo.

Ya abar ƙaunata, ba na roƙon ki manta. Na sa kin tsaya a bakin hanya kina jiran mutumin da ke kallonki daga ɓoye, kin koma gida kina tambayar kanki me kika yi. Ba ki yi komai ba. In kin ce wanda ya yi ƙarya a kan keke zai yi a kan abin da ya fi keke, ba ni da bakin musu, sai dai in ce wannan ce kaɗai, kuma ga ta na ajiye a gabanki. In kin tafi a Disamba kin bi hanyoyin nan ke kaɗai, taswirarki tana manne a bangon ɗakina, zan riƙa bin jan layin da yatsa ina lissafin inda kika kai. Amma zuciyata ba ta son yatsa ya je inda ƙafa ta yi alkawari.

Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, zan kasance a jikin shingen nan na McLeansville da kekena da fulas, kuma zan faka motar a fili inda kowa zai gani. Ki zo da Yaya Husaini, ya yi dariyarsa ya ƙoshi, na cancanta. Ba zan ce ki bi bayana ba. Roƙona ki riƙe mini sirdi daga baya har in koyi shan kwana, kuma kada ki saki sai na ce.

Naki, a tsaye ko a faɗe, har ƙarshen numfashina,
Iliyasu.